Ikkon da ba ta fito a hoto ba

Watan jiya ɗaurin aure ya kai ni Legas. Ɗan ƙanwata da ke aiki a can ya rantse ba zan sauka a Agege gidan maigidanmu na goro ba, wai shi ma yanzu ya kawo ƙarfi, dole ya yi wa kawunsa hidima. Ya kama min ɗaki a wani otal cikin tsibiri. Muna tsaye muna jiran makulli sai idona ya kai kan bango. An jera tsofaffin hotuna cikin gilashi: ga titin Marina da benayensa suna kallon ruwa, ga filin sukuwa da Turawa cikin fararen kaya da malfuna, ga matansu riƙe da laima.

Yaron ya daɗe yana kallo, sannan ya girgiza kai.

"Kawu, dubi gari don Allah. Tsaf-tsaf. Mutanen nan su suka kawo mana otal da kanti da wurin shaƙatawa. Da sun ƙara shekara hamsin, da yanzu ba a nan muke ba."

Na ce, "Ɗana, ƙirga min mutanen da ke cikin wancan hoton."

Ya ƙirga, ya ce ba su fi ashirin ba.

Na ce, "To sauran mutanen garin fa, ranar ina suka tafi?"

Ya yi dariya ya ce Kawu ka fara. Aka miƙo makulli, zancen ya mutu a nan. Ni kuwa bai mutu a raina ba, domin ba daga bakinsa na fara jin wannan magana ba. Na ji ta a mota, na ji ta a majalisar bakin kasuwa, har daga bakin masu digiri.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: hotunan ba su yi ƙarya ba, amma daga saman bene aka ɗauke su. Ikko, wato Legas, ta ƙarni na 19 da gumin baƙar fata ta ci, ta sha, ta yi wasa, ta sauki baƙi. Rabon Bature a ciki shi ne jirgin yaƙi da ofishin kwastan da kujerar gaba a wurin biki. Duk wanda ya ce su suka koya mana karɓar baƙo da ciniki, bai taɓa tambayar kansa inda falke ke kwana a Ikko a 1890 ba.

Garin mutum nawa ne?

A ƙarshen Disambar 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Ikko ruwan wuta, suka kori Sarki Kosoko, suka mayar da Akitoye kan karaga. Bayan shekara goma, ranar 6 ga Agustan 1861, ɗansa Dosunmu ya sa hannu a takardar miƙa garin, jirgin yaƙi na tsaye a bakin ruwa yana jiran ya ce a'a. Aka yanka masa fansho na buhun wuri 1,200 a shekara. Buhu ɗaya wuri dubu ashirin ne, abin da kakanninmu ke kira keso. Wato da irin kuɗin da tsohuwa ke sayen daddawa aka biya sarki ladan garinsa.

Daga lokacin har ƙarnin ya ƙare, mutanen garin suna tsakanin dubu ashirin da wani abu zuwa dubu arba'in da 'yan kai. Turawan da ke cikinsu 'yan ɗaruruwa ne ƙalilan, da za a jera su sahu-sahu ba za su cika masallacin Juma'a na ƙauye ba. Su ɗin ma zazzaɓi bai bar su sun sake ba: wasu ya kashe, wasu ya kora gida.

Sauran fa? Akwai 'yan ƙasa na Isale Eko, masunta da sarakuna da masu ƙasa. Akwai Saro, 'yantattun bayi da 'ya'yansu da suka dawo daga Saliyo da ilimin boko. Akwai Aguda, waɗanda suka dawo daga Barazil da Kyuba da sana'ar gini da kafinta da ɗinki. Akwai Ijebu da Egba masu kawo kaya ta ruwa. Akwai Nufawa da Hausawa da Barebari, wasu 'ya'ya, da yawa bayi. Kuma Musulmin garin sun fi Kiristocinsa yawa. Wannan ma ba za ka gane shi daga bangon otal ba.

Da kuɗin wa aka kunna fitila?

Manja ne ya riƙe garin, sai ƙwarar da ake fasawa daga cikin kwakwarsa. Masana'antun Ingila na son manja don sabulu da kyandir da man shafa wa injuna, Jamusawa na kwasar ƙwarar zuwa Hamburg. To wa ke hawa bishiyar? Wa ke dafawa, ta tattake, ta tace? Mata da maza ne a ƙauyukan Yarbawa, sannan masu kwalekwale su ɗauko zuwa kasuwannin bakin ruwa irin su Ejinrin da Ikorodu. Baturen kamfani ba ya shiga daji. Yana zaune a kantinsa, ya ba ɗan kasuwa baƙar fata kaya bashi, shi kuma ya watsa yaransa su dawo da gangunan manja. A haka irin su Taiwo Olowo da Richard Blaize suka yi dukiyar da har yau ake ba da labarinta. Kafin su akwai Madam Tinubu, wadda ƙarfinta a kasuwa da fada ya tsone wa jakadan Ingila ido har aka kore ta zuwa Abeokuta a 1856.

Ko babban jirgi ba ya iya shigowa gari, saboda tudun yashin da ya tare bakin teku. Sai ya tsaya can waje, ƙananan jirage su yi ta jigila cikin igiyar ruwa. Duk hular Bature da kwalbar turaren matarsa da ka gani a hoto, wani ne ya sayar da ransa ya haye da su.

Abin da jirgin ke saukewa kuwa, ban da atamfa da taba da bindiga da albarushi, barasa ce. Jin mai arha daga Hamburg da Holan, kwalba goma sha biyu a koren akwati. Ta yi yawan da a wasu kasuwanni ta zama kuɗi: akwati ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu ba a buɗe shi ba, a biya sadaki da shi, a biya tara da shi. Gwamnatin Ikko ba ta karɓar harajin kai a lokacin, da kuɗin kwastan take rayuwa, kuma kaso mafi tsoka na kuɗin kwastan daga barasar nan yake fitowa. Limaman coci, baƙaƙe da farare, sun yi ta kuka a kan haka, gwamnati ta toshe kunne, don ba wanda ke sare reshen da yake zaune a kai. A taron Brussels na 1890 ne aka amince kada a shigar da ita ƙasashen da ba ta riga ta yaɗu ba, abin da ya sa daga baya aka hana ta haurawa Arewa.

Saboda haka idan an nuna maka fitilar lantarki da aka kunna a 1898, wadda titin Marina da gidajen gwamnati suka fara morewa, ka tuna da manomin da ya kai manjansa kasuwa ya koma gida da kwalba.

Wurin ma bai tsira ba. Kamfanonin Jamus, musamman O'Swald na Hamburg, suka gano ana samunsa da arha a Zanzibar, suka riƙa lodo shi jirgi-jirgi suna zubewa a Ikko. Kuɗi ya yi yawa ya lalace. Ka ɗauki tsohuwar da ta shekara ashirin tana tara wuri a tulu don jikokinta: ba ɓarawon da ya shiga ɗakinta, amma ta wayi gari abin da ke tulun ba ya sayen rabin abin da yake saye a da. Mu da muka ga yadda naira ta narke a hannunmu, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Su wa ke kan dandamali?

Na yarda, filin sukuwa na nan tun 1859, kuma Sarki Dosunmu ne ya ba da filin. Shi ne wurin da aka sauke tutar Ingila a 1960, yau ake kiransa Dandalin Tafawa Balewa. Na yarda an yi dararen waƙa da kiɗan piyano da wasan kwaikwayo, ana sayar da tikiti, gwamna na zuwa ya zauna a gaba. Amma a tambaya: wa ke shirya su?

Saro ne. Su suka buɗe wata cibiya mai suna Academy a 1866 don irin wannan. Su ke rera waƙar, su ke kaɗa piyanon, su ke cika kujerun a azuzuwan makarantun mishan, sanye da kwat da safar hannu cikin zafin Ikko. Washegari kuma jaridunsu su yaba ko su kushe: Lagos Times da Blaize ya kafa a 1880, da Lagos Observer ta 1882, da Lagos Weekly Record da ta biyo baya. Zauren tunawa da Gwamna Glover, wanda aka fara ginawa a 1887, mutanen gari ne suka yi karo-karo a kansa. Majigin farko da aka nuna a cikinsa a 1903, Herbert Macaulay, shi ma ɗan Saro, ne ya gayyato masu shi.

Wani zai ce, to ai kwaikwayon Bature suke yi, ka ga ke nan shi ne malamin. Akwai gaskiya a nan, kuma ni ma kwat cikin zafi ba ya burge ni. Sai dai a bi labarin har ƙarshe. Mutanen nan sun ɗauka idan sun iya waƙar Bature da cokalinsa za a ɗauke su daidai da shi. Sai suka ga yadda wasu samarin mishan farare suka wulaƙanta Bishop Ajayi Crowther da tsufansa, ya rasu a ƙarshen 1891, aka maye gurbinsa da Bature. Suka ga ana ture baƙaƙe daga manyan muƙamai, har a 1902 aka kafa ma'aikatar likitocin Afirka ta Yamma aka ce sai Bature tsantsa zai shiga. Daga nan kiɗa ya canza. Wasu suka ɓalle suka kafa cocinsu, wasu suka koma sa agbada, waƙoƙin Yarbanci suka hau dandamali. David Brown Vincent ya ajiye sunansa ya zama Mojola Agbebi. Su da suka zauna cikin wannan zamani da ake yi mana kwaɗayinsa, da kansu suka fara tofar da shi.

Kuma duk wannan wasan 'yan tsiraru ne. Nishaɗin da ke tara jama'a a titi yake. Eyo, dodannin nan masu fararen mayafi da sanda, tun 1854 aka fara fito da su a Ikko don jana'izar Akitoye. Aguda na da nasu bikin rufe fuska da suka zo da shi daga Barazil, da wakensu na madarar kwakwa da ake kira frejon, wanda har yau ake dafawa ranar Juma'ar Ista. Musulmi na da sallolinsu biyu. Ranar da aka buɗe masallacin Shitta-Bey a 1894 gari ya cika ya batse: attajiri Muhammadu Shitta ya gina, magini ɗan Aguda ya tsara, Gwamna Carter ya zo a matsayin baƙo, wani lauya Musulmi Bature daga Liverpool, Abdullahi Quilliam, ya kawo saƙon Sarkin Musulmin Santambul da lambar girma. A wannan biki Bature ɗan gayyata ne.

Mu Hausawa ma mun bar shaidar yadda muka kalli shaƙatawar garin Bature, a cikin kalma ɗaya: bariki. Asalinta masaukin soja. Dubi abin da ta koma a bakinmu. Ɗan bariki, 'yar bariki, barikanci. Kakanninmu sun ga giya da caca da zaman kai a gefen sansanin soja, suka raɗa wa abin suna, kuma ba sunan yabo ba ne.

Inda baƙo ke kwana

A nan ne maganar ɗan ƙanwata ta fi ci min rai.

Baturen da ya sauka Ikko a wancan zamani, galibi a saman benen kamfaninsu yake kwana, kanti da sito a ƙasa. In ɗan mishan ne, gidan mishan. In babba ne, gidan gwamna. Kukunsa baƙi, boyinsa baƙi, mai wankinsa baƙi, ruwan da zai sha daga rijiyar wani. Wani ɗan Aguda, Esan da Rocha, da sayar da ruwan rijiyarsa ya yi suna, har yau gidansa a titin Kakawa ana ce masa Gidan Ruwa. To wa ya sauki wa?

Dubban baƙin da ke shigowa da kaya kuwa ba ruwansu da otal. Suna da tsarin da ya girmi tutar Ingila nesa ba kusa ba, wanda mu muke kira fatoma ko maigida. Na san shi ciki da waje, don a cikinsa aka haife ni: kakana falken goro ne, mahaifina ma haka.

Ga yadda yake. Falke ya iso gari da yamma, ƙafa duk ƙura, bai san kowa ba sai sunan mutum ɗaya da aka ba shi tun daga gida. Ya yi sallama a zaure. Ba a tambayarsa kuɗi. A shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwa a buta, a kawo tuwo daga cikin gida. A sauke kayansa a ɗakin ajiya, maigida ya riƙe makulli. Da safe maigida ya kira dillalinsa, a nemo mai saye. Falke bai iya Yarbanci ba, maigida ne bakinsa. Mai saye ba shi da kuɗi a hannu, maigida ne zai tsaya masa, in ya gudu shi zai biya. Falke ya kwanta ciwo, matan gidan ne za su dama masa kunu. In ta Allah ta kasance, maigida ne zai yi masa sutura, ya ƙulle dukiyarsa, ya aika wa magada da ayari na gaba. Ladansa duka a la'ada yake, bayan an yi ciniki.

Ka lissafa abin da mutum ɗaya ya haɗa: masauki, sito, tafinta, banki, mai lamuni, asibiti. Wane otal ne ya taɓa yi wa baƙonsa rabin wannan?

Goro kuma ba kayan da za a jibge a tafi ba ne. Yana son ganye mai laushi, yana son yayyafi, yana son a kwance huhu lokaci-lokaci a tsince wanda sankara ta kama kafin ya ɓata 'yan'uwansa. Ina yaro na sha zama a gaban mahaifina yana wannan aiki, yana juya kowane goro a tafin hannu kamar mai duba ƙwai, yana ware fari da ja, manya da ƙanana, yana ƙirga ƙwarya-ƙwarya, ɗari-ɗari ke nan. Baƙon da ya zo da irin wannan kaya yana bukatar gidan da aka san goro, ba gado mai farin zane ba.

Yadda goro ya biyo ta Ikko ma labari ne. Shekaru aru-aru ayarinmu ta ƙasa yake zuwa Gwanja, watanni ana tafiya da jakuna har Salaga, a kai kanwa da baƙin yadi da fata a sayo goron Asante. Da Ingila ta ci Asante da yaƙi ta ƙone Kumasi a 1874, sai tsohuwar hanyar ta rikice, yaƙin basasar Salaga na 1892 ya ƙarasa ta. Goro ya juya kudu zuwa bakin teku. Fatake ba su zauna suna kuka ba, suka bi shi: a saya a Ankara, wato Accra, a loda a jirgin ruwa zuwa Ikko, daga nan a yi Arewa. Alhassan Ɗantata na Bebeji na cikin waɗanda suka yi arziki ta wannan hanya a farkon ƙarni na 20, kafin ya shiga gyaɗa. Jirgin na Bature ne, ban musa ba. Amma amanar da ta sa mutumin Kano zai ba da kayansa a Ankara ya karɓi kuɗinsa a Ikko ba daga Liverpool aka kawo ta ba.

Za a ce min ina yi wa fatoma kwalliya. To, ba waliyyi ba ne. Akwai mai cin baki biyu, ya karɓa wurin mai saye ya karɓa wurin mai sayarwa. Akwai mai ɓoye farashi, akwai mai riƙe kuɗin baƙo ya yi ta juyawa yana ce masa gobe. Duk mun san su. Abin da ke tsare baƙo shi ne suna: maigidan da ya ci amanar falke ɗaya, kafin damina labarinsa ya kai Kano da Katsina, zaurensa ya koma wurin kwanan awaki.

Otal ɗin Bature kuwa da ya zo ya kafu, sai ya zo da nasa hali. A 1947, shekara tamanin da shida bayan karɓe garin, wani babban jami'in ofishin mulkin mallaka na Landan, Ivor Cummings, ya zo Ikko aiki. Otal ɗin Bristol ya hana shi ɗaki saboda ubansa ɗan Saliyo ne, fatarsa baƙa. Sai da gari ya ɗauki zafi kafin gwamnati ta ce a daina irin wannan. Mu da muka tashi muna jin baƙonka annabinka, a wurin waɗannan za mu koyi saukar baƙo?

"Ai sun hana cinikin bayi"

Wannan ita ce hujja mafi nauyi, kuma ba zan yi mata wasa ba. Kafin 1851 Ikko babbar tashar fitar da bayi ce zuwa Barazil da Kyuba, kuma zuwan Ingila ya kashe wannan fitarwa. Alheri ne, ko da wace niyya aka yi shi.

Sai dai bauta a cikin gari ba ta mutu ranar da aka kafa tuta ba. Ta ɗauki shekaru tana ja da baya a hankali, gwamnati na kau da kai don kada cinikin manja ya tsaya. Yawancin masu tuƙa kwalekwale da masu dakon ganguna bayin attajirai ne ko barorinsu. Bankin da ya zama First Bank na yau ya zo a 1894, amma kukan 'yan kasuwa baƙaƙe shekara da shekaru shi ne yana karɓar ajiyarsu ya ba kamfanonin Turawa rance. An fara shimfiɗa layin dogo a 1896, ya kai Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911, kuma kowa ya san kan wa aka ɗora ƙarafan. A 1897 leburorin ma'aikatar ayyuka ta Ikko suka ajiye aiki saboda gwamna ya taɓa musu lada da lokutan aiki, sai da aka sassauta suka koma. Ban ga hotonsu a bangon ba.

Laifi tudu ne

Wani abokina Bayarabe da na yi wa wannan zance ya ce, wato dai so kake ka cusa Hausawa cikin tarihin garinmu. Na ce masa ba sai na cusa ba, muna ciki, kuma ba duka abin alfahari ba ne.

Da yawa daga Hausawan Ikko na farko da igiya a wuya suka iso, kuma 'yan'uwansu ne suka kama su a yaƙe-yaƙen Arewa suka sayar. Ayarin da nake yabo, ba kanwa da fata kaɗai ya riƙa kaiwa kudu ba. Wasu an haye da su teku har Bahia, inda bayi Hausawa suka yi yunƙurin tawaye a 1807, Musulmin bayi kuma suka yi babban bore a 1835, aka koro wasu zuwa gaɓar Afirka.

A 1863 Glover ya fara ɗibar irin waɗannan, yawancinsu bayin da suka gudo daga iyayen gijinsu, ya ba su bindiga da kaki. Rundunar sojan Najeriya na ƙirga asalinta daga nan, tana cewa da mutum goma sha takwas aka fara. Ana ce musu Hausawan Glover, ko da yake duk wanda ya fito daga Arewa yana jin Hausa a nan ake sa shi. Ga wanda jiya bawa ne, kakin nan 'yanci ne, ba zan zarge shi ba. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Su aka kai yaƙin Asante a 1873 zuwa 1874, wato da hannunsu aka taimaka wajen rusa hanyar Gwanja da 'yan'uwansu fatake ke ci da ita. Su aka tura kan Ijebu a 1892 don a buɗe wa kamfanoni hanya. Bayan 'yan shekaru kuma magadansu suka juya bakin bindiga zuwa Bida da Kano da Sakkwato.

Don haka idan na ce a faɗaɗa hoton, na san za mu fito a ciki riƙe da huhun goro a wani gefe, riƙe da bindigar Bature a wani gefen. A sa duka.

To a rushe gine-ginen?

Ko kusa. Masu cewa a share duk abin da ya shafi mulkin mallaka su ma daga saman bene suke kallo, don sun yarda ke nan cewa kayan na Bature ne.

Akwai wani gida a gefen Dandalin Tinubu da ake kira Ilojo Bar, ginin Aguda mai tagogi masu baka da barandar ƙarfe, wanda ake cewa tun 1855 yake tsaye. An sha, an ci, an yi ciniki a cikinsa fiye da shekara ɗari. A 1956 aka sa shi cikin kayan tarihi na ƙasa da doka ta hana taɓawa. Ranar 11 ga Satumbar 2016, jajibirin babbar sallah, mutane na can suna cinikin rago, aka kawo katafila aka baje shi. Ba gidan gwamna aka rusa ba. Aikin hannun 'ya'yan bayi ne da suka ƙetare teku sau biyu, suka dawo suka nuna abin da suka iya.

Abin da nake so kaɗan ne. A bar hotunan a bango, amma a rubuta a ƙasansu da kuɗin me aka share titin. A nemo hoton mai kwalekwale da mai tuyar ƙosai da sojan Glover a rataya kusa da na mai malfa. Mu kuma da ke da zango a Agege da Shagamu da Sabon Ibadan da Kumasi, mu daina jiran wani ya zo ya rubuta mana tarihin zaurukanmu. Tsofaffin da suka san wane maigida ya gaji wane suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Kwana biyu na yi a otal ɗin na tattara na koma Agege. Alhaji maigidanmu ya yi min faɗa sosai, wai ya ji na shigo gari tun shekaranjiya, ko laifi aka yi min. A zaurensa na tarar da baƙi bakwai, biyu daga Maraɗi, kowa da tabarmarsa da ƙullin kayansa a matashi.

Da daddare ɗan ƙanwata ya zo ɗaukata, aka tsare shi sai ya ci tuwo. Yana ci yana waige-waige, can ya sunkuya ya ce, "Baba Alhaji, nan nawa ake biya a kwana?"

Tsohon ya dube shi ya dube ni. "Wannan jikan wane ne?"

Na faɗa masa. Ya tashi ya shiga ciki, ya fito da wani littafi da bangonsa ya cinye, rubutun ajami ne na mahaifinsa. Ya yi ta buɗawa yana lasar yatsa har ya tsaya a wani shafi, ya sa wa yaron a gaba.

"Ga sunan kakanka nan. Shekarar Udoji ya karɓi ƙwarya biyu ta farin goro zai kai gaisuwar suruki, ya ce a rubuta. Kwana ba a biya. Wannan dai in ka zo da kuɗi, miƙo."